Mai Igiya da Shanun Auta

Shekara talatin da ɗaya Mai Igiya ya yi yana auna ruwan babbar rijiyar garinsu, duk safiyar Litinin, kuma in ban da makon da aka yi masa aikin ido bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. Sunan ya bi shi har cikin gida. Matarsa, wadda kowa yake kira Inna, Malam take ce masa idan ana zaman lafiya, amma ranar da ya ɓata mata rai sai ka ji ta daga bakin murhu tana cewa, "A tambayi Mai Igiya mana, ai shi ya san komai."

Asalin sana'arsa haƙar rijiya ce. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da dogayen hannuwa kamar an aro masa na wani. Tun gemu bai fito masa ba kawunsa ya fara zura shi cikin rami, kuma bai daina shiga ba sai da iskar ƙasan rami ta zaunar masa da tari a ƙirji, irin tarin da yake sanar da zuwan mutum tun kafin ya yi sallama. Ba mai yawan magana ba ne, ba ya cin haƙƙin kowa. Amma fa akwai taurin kai, wannan kam ko masoyinsa ba zai ɓoye ba.

Garin nasu wuri ne na ƙarancin ruwa. Damina wata biyu ce da 'yan kwanaki, in ta ga dama. Sauran shekara kuwa kowa, mutum da dabba, a kan rijiya ɗaya yake rataye, don ƙananan rijiyoyin unguwa tun rani bai yi nisa ba suke ƙafewa.

Yana da shekara talatin aka yi babban fari. Wata safiya mata suka jefa guga, ya fito da taɓo. Haka kawai, ba sallama. Makiyaya suka kaɗa shanu a gurguje suka nufi kwarin kogi, tafiyar kwana goma sha biyu, amma sun makara, tafkunan hanya duk sun bushe. Mahaifin Mai Igiya ya tafi da shanu tamanin, ya dawo da sanda a kafaɗa. Bai ƙara kiwo ba, bai ƙara dariyar kirki ba, ya yi shekara biyu a gindin bango yana kallon hanya sannan Allah ya karɓi abinsa.

A wannan shekarar ce aka zura Mai Igiya cikin babbar rijiyar don ya ƙara mata zurfi. Yana sauka da tocila a baki sai ya ga jikin bangon layi-layi, kowane layi ƙasa da ɗan'uwansa, shaidar inda ruwa ya tsaya kafin ya ƙara sauka. Wata da watanni ruwan yana ja da baya a fili, ba wanda ya leƙa. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ya zauna cikin taɓon ya yi kuka, ba wanda ya ji shi sai wanda yake riƙe da igiya a sama, shi ma bai taɓa faɗa wa kowa ba sai bayan sun tsufa.

Yana fitowa ya sayi igiyar rama. Ya buɗe hannuwansa iyakar buɗewarsu, daga yatsan wannan hannu zuwa yatsan wancan, gaba guda ke nan, ya yi ƙulli. Ya sake buɗewa, ya yi ƙulli, har ya kai ƙarshenta. Maƙeri ya ƙera masa wani ɗan ƙarfe mai rami a ƙasa kamar ƙararrawa, wanda idan ya taɓa ruwa yake cewa ɓut. Duk Litinin sai ya kwanta rub da ciki a bakin rijiya, ya zura igiyar, yana ƙirga ƙulli, kunnensa a ƙasa. Zurfin rijiyar gaba talatin da biyu ne, biyun ƙarshe shi ya haƙa su da hannunsa.

Bayan 'yan shekaru ya gane ƙa'idar abin. Idan ruwa ya sauka har ƙulli na ashirin da tara alhali zafi bai kama sosai ba, to rijiyar ba za ta ɗauki mutane da shanu har damina ba. Dole shanu su tashi a lokacin, tun suna da nama a jiki, tun tafkunan hanya da sauran ruwa. Idan bai kai ba, a zauna. Kada ka ce ai sai a riƙa tafiya kowace shekara a huta da fargaba. Kwarin kogi ba wurin hutu ba ne: ga ƙuda mai cizo, ga ciwon kofato, ga rigima da masu gonaki, ga iyali an bar su a gida babu madara. Ba wanda yake zuwa can don marmari. Sau huɗu a cikin shekarun nan Mai Igiya ya ce a tashi, sau huɗun kuma waɗanda suka ji maganarsa suka dawo da dabbobinsu. Daga nan ba a ƙara yi masa musu ba, kuma wallahi rashin musun nan bai yi masa amfani ba.

Igiyar rama tana da hali guda: idan ta jiƙe ta bushe, sai ta tsuke. Don haka duk ranar awo, in ya dawo gida, yakan ɗaure bakinta a gungumen rumfa, ya zagaya da ita bishiyar tsakar gida, ya dawo, ya sake zagayawa, ya ja ta tam, ya rataya mata dutse, ya bar ta a rana har yamma. Da haka take komawa tsawonta. Ya yi wannan har ya zama hannunsa yana yi ba da saninsa ba.

Shekara goma sha biyu da suka wuce ofishin ruwa na lardi ya ji labarinsa. Wata ma'aikaciya da ake kira Injiniya ta zo ta ga igiyar, ta yi mamaki, ta ba shi waya. Duk Litinin zai buga mata ya faɗi lamba. Tankar ruwa huɗu kacal ofishin yake da su, garuruwa kuwa sun fi saba'in, don haka tun da wuri ake jera sunayen waɗanda za a kai wa ruwa idan rani ya tsananta. Lambar Mai Igiya ce take sa garinsu a layi ko ta bar shi a waje.

Ƙanensa shi ne babban makiyayin garin. Ya haura hamsin, furfura ta cika masa kai, amma har yau Auta ake ce masa. Da karsana biyu ya fara bayan rasuwar mahaifinsu, yana kwana a bayansu, yana hana kansa don su ci, har garken ya kai sittin da uku. Inda Auta ya sa gaba, nan sauran makiyaya suke bi. Shi kuwa Auta ba ya ɗaga ƙafa sai ya ji daga bakin yayansa.

Shekarar da nake ba da labari, damina ta ɗauke da wuri. A makon farko na rani tsohuwar igiyar ta tsinke, ta huɗu ke nan da ya kashe a aikin. Ya je kasuwa neman ta rama, aka ce tsohon da yake tufka ta ya rasu, 'ya'yansa kuma sun koma gyaran babur. Duk rumfunan igiyar roba ce, shuɗiya, mai sheƙi. Ya juya ta, ya shinshina, ya yi tsaki, ya saya. Ya dawo gida ya buɗe hannuwansa ya yi mata ƙulli ɗaya bayan ɗaya, daidai wa daida, ba kuskure ko na yatsa. Ranar Litinin ya auna, ya dawo, ya ɗaure ta a gungume, ya ja ta tam, ya rataya mata dutse a cikin rana, kamar yadda ya saba.

Ruwa yana ashirin da bakwai. Bayan mako uku ya kai ashirin da bakwai da rabi. Sai ashirin da takwas. Daga nan ya tsaya. Litinin ta zo, ashirin da takwas. Wata Litinin ta zo, ashirin da takwas. Mai Igiya ya ji daɗi har cikin ransa, ya ce idon ruwan ƙasa ne ya buɗe, Allah ya dubi bayinsa.

Wata hantsi Auta ya shigo gidan, ya tsuguna a bakin rumfa ya gaishe su.

Inna ta ce, "A'a, autan miji, yau an tuna da mu? Na zaci ka auri shanun ne ka sake ni."

"Ai ke ce kika hana ni abinci, Inna, shi ya sa." Ya yi ɗan murmushi, amma bai kai zuci ba. Ya juya ga yayansa. "Yaya, ni fa na ɗaure kaya. Jikina ba ya ba ni shekarar nan. Ciyawa ta ƙare har bayan tudu, kullum sai mun ƙara nisa. Waɗanda suka zo daga kudu sun ce tafkin farko ya fara ja baya. Ina so in tashi jibi."

"Ashirin da takwas," in ji Mai Igiya.

"Na ji, Yaya. Amma..."

"Mako uku bai motsa ba. Jikinka ne yake auna ruwa ko igiya? Ka kwashi dabbobi ka kai wa ƙuda a banza, ka bar yara ba madara, kuma rabin gari su bi ka. Kwance kayanka. Idan lokacin tashi ya yi, ni zan zo har gida in gaya maka."

Auta ya yi ta zane a ƙasa da tsinke. Can ya ce, "To, Yaya. Yadda ka ce." Ya tafi ya kwance kayan, sauran makiyaya ma suka kwance nasu.

Bayan kwana biyu Inna ta dawo daga ɗiban ruwa ta sauke jarka tana haki. "Malam, anya kuwa? Igiyar gugana ta daina kai ruwa. Sai da na ƙara mata wani guntu."

"Igiyoyinku na mata kullum cikin tsinkewa da ƙulli suke. Ta gajarce ne."

"Ba ta tsinke ba."

"To kin manta ne."

Bayan mako biyu ta sake faɗa masa ta ƙara wani guntun, kuma ba ita kaɗai ba, har matar tela da matar mai gyaran rediyo. Ya ce shi shekara talatin yana awo, ba zai zauna masu wanke-wanke su koya masa aikinsa ba. Haba Mai Igiya! Mace ta gaya maka sau biyu, ita da take jan ruwan nan safe da yamma har hannunta ya yi kanta, me zai rage ka in ka tashi ka duba? Bai tashi ba. Inna ta yi kwana biyu tana ajiye masa abinci ba tare da ta dube shi ba.

Litinin ta bakwai da tsayawar ruwan ya auna, ashirin da takwas da ɗan motsi. Ya dawo gida yana shirin ɗaure igiya sai Inna ta zo ta dire gugan a gabansa. Ya duba. A gefen bakin gugan, inda ya gogi bango, akwai wata farar laka mai santsi. Ya lakato ta da yatsa, ya murza, ya kai harshe.

Ya san lakar nan kamar yadda ya san ɗakin kwanansa. Bangon rijiyar jan dutse ne tun daga sama, farar laka ba ta farawa sai an wuce gaba ashirin da tara. Guga ba zai taɓa ta ba sai in ruwa ya sauka ya bar ta a waje.

Ya ɗauki igiyar, ya kama ƙulli ɗaya da hannun hagu, ya buɗe hannuwansa. Yatsan damansa bai kai ƙulli na gaba ba. Saura faɗin tafin hannu. Ya miƙe tsaye, ya banƙare ƙirji, ya sake buɗewa har kafaɗarsa ta yi ƙara. Bai kai ba. Da farko har ya ce a ransa ko tsufa ne ya tsuke shi, sai ya je ya gwada hannuwansa a faɗin ƙofar zaure, wadda ya san gaba guda ce cif, ya ga hannuwansa suna nan yadda suke. Ya bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya, duk haka suke. Igiyar roba ba ta tsukewa. In ka ja ta a rana ka rataya mata dutse, miƙewa take yi, kuma ba ta komawa. Shi da hannunsa yake ƙara mata tsawo duk mako, ruwa yana sauka tana bin sa.

Ya lissafa a ka. Faɗin tafi sau ashirin da takwas, gaba ɗaya da rabi ke nan. Ruwa yana ashirin da tara da rabi, har ya ɗan gota. Ya wuce iyaka tun kusan ranar da Auta ya tsuguna a bakin rumfar nan.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi. Ya zauna a ƙasa. Inna ta jira shekara da shekaru ranar da zai ce ita ce da gaskiya, amma da ta ga fuskarsa sai ta ji ba ta son ji. Ta tsuguna ta kwashe igiyar daga cikin ƙura.

Ya daɗe da waya a hannu. Shaiɗan ya kawo masa shawara mai sauƙi: ya ce ruwa ya faɗi farat ɗaya a makon nan, ikon Allah, wa zai ƙaryata? Ya sayi wata igiyar a ɓoye, shi ke nan, sunansa yana nan. Amma ya san dokar ofis. Idan lamba ta yi tsalle haka, ba a yarda da ita sai an sake awo mako biyu a jere. Ya kuma san Auta: in aka ce masa jiya-jiya ruwan ya sauka, zai ɗauka tafkunan hanya ma da sauransu, ya yi shiri a tsanake. Mako biyu kuwa yanzu rai ne.

Ya buga. "Injiniya, ni ne."

"Baba, ina kwana? Nawa muka samu yau?"

"'Yata, ki ɗauko takardarki. Duk lambar da na ba ki mako bakwai, ki soke ta. Ƙarya ce."

"Subhanallahi! Baba, kai da ƙarya?"

"Ban sani ba na yi ta, amma ƙarya ce." Ya gaya mata komai, bai rage ba, har da cewa matarsa ta faɗa masa sau biyu ya ƙi ji. Injiniya ta shiga buɗe takardu, yana jin ƙararsu. Can ta ce ta gyara, za ta sa garin a layi yau ɗin nan, amma gaskiya an riga an raba tankokin, su ne na ƙarshe. Kafin mota ta iso za a yi wata guda. Ta ce a fara rabon ruwa da awo tun gobe, jarka biyu kowane gida, shanu kuma su bar rijiyar.

Da rana tsaka ya ɗauki igiyar a kafaɗa ya nufi wurin shayar da dabbobi. Auta yana can da makiyaya kusan goma, shanu sun yi layi a bakin kwami, haƙarƙarinsu a waje ana iya ƙirgawa daga nesa. Mai Igiya bai ja ƙanensa gefe ba. Ya tsaya a tsakiyarsu, ya kama ƙulli, ya buɗe hannuwansa, ya bar su suka ga tazarar da idonsu.

"Ruwa ya wuce ashirin da tara tun wata guda da ya shige. Ni na ɓata igiyar. Auta ya ce zai tashi, na hana shi. Ku tashi gobe, kada ku ƙara kwana."

Sai wani dattijo ya jefar da sandarsa ya ce, "Ka kashe mu, Mai Igiya!" Wani ya fara zagi, aka riƙe shi. Auta ya matso. Ya karɓi igiyar, ya duba ƙullin, ya miƙa masa abarsa, ya juya ya shiga cikin shanunsa yana shafa bayansu ɗaya-ɗaya, yana duba wadda za ta iya tafiya. Da ma ya zage shi, da ya fi sauƙi.

Washegari da sassafe Auta ya koro shanu bakwai har ƙofar gidan yayansa, tsofaffi da masu ciki, waɗanda ba za su kai ko zangon farko ba.

"Ga su nan, Yaya. Mahauta sun ce ba nama a jikinsu. Ni kuma ba zan iya sa musu wuƙa ba."

"Auta, ka yafe..."

"Rana tana yi, Yaya." Ya gyara sandarsa ya bi garken.

Jarka biyu ba ta isar mutum biyu da shanu bakwai, kowa ya san haka. Mai Igiya ya daina wanka sai goge jiki da tsumma. Inna takan tara ruwan wanke kwano da na wanke hannu a bokiti ta kai musu. Shi kuma yakan fita da buhu ya tsinto kwalaye da ɓawon bishiya, ya jiƙa, ya ba su. A bakin rijiya mutane suka rage gaishe shi. Wasu in sun hango shi da sabuwar igiyar da Injiniya ta aiko, mai lamba a jiki, sai su kau da kai. Bai fasa zuwa ba. Yakan auna, ya faɗi lambar da ƙarfi ko ba wanda ya tambaya, sannan ya tsaya ya tambayi matan da suke jan ruwa ko igiyarsu tana kaiwa.

Shanun suka fara kwanciya. Saniya in ta kwanta a irin wannan hali, in ba a ɗaga ta ba shi ke nan, don haka shi da Inna sukan zura sanda a ƙarƙashin cikinta su ɗaga, yana tari, tana salati. Ta farko ta mutu a mako na biyu. Biyu suka bi ta rana ɗaya. Duk wadda ta mutu, da kansa yake ɗaura mata igiya ya nemi mai amalanke su ja ta bayan gari, kuma ba ya bari a bi ta bayan layi, ta babban titi yake bi da ita don kowa ya ga abin da ya jawo.

Tanka ta iso bayan kwana talatin da huɗu, saura ƙiris rijiyar ta koma taɓo. Ba a rasa mutum ko ɗaya ba a garin, ko jariri. Injiniya ta ce a waya ya gode wa Allah, da ya ɓoye da ba haka ba. Ya ce ya gode. Ranar ce saniya ta shida ta mutu.

Ruwan sama ya sauka a makare. Bayan mako uku, ƙasa ta yi kore, makiyaya suka fara dawowa ɗai-ɗai, kowa da abin da ya rage masa. Wata la'asar Mai Igiya yana zaune a ƙofar gida kusa da saniyar da ta tsira, wata baƙa mai karyayyen ƙaho, sai ya hango Auta tafe. Ya rame, ya yi baƙi, takalminsa ɗaure da waya. Garken yana biye da shi, kuma bai ɗauki lokaci ba kafin ya gama wucewa.

Auta ya tsaya ya dubi baƙar saniyar. "Wannan ce na zaci za ta fara mutuwa."

"Sauran shidan sun tafi. Na yi iya yina."

"Na gani a jikinka."

Mai Igiya ya dubi garken. Ya riga ya ƙirga su da ido, amma ya ga dole ya ji daga bakin mai su. "Nawa ka dawo da su?"

"Sha tara." Auta ya zauna a kan dakali, ya ajiye sandar a tsakanin ƙafafunsa. "Tafkin farko busasshe. Na biyu busasshe. Na uku muka tarar da ɗan taɓo, muka tace da rigunanmu. Wani da ya zo bayanmu da kwana biyar ko taɓon bai samu ba, a ƙafa ya dawo shi kaɗai." Ya ɗago ya dubi yayansa. "Da ka ƙara mako guda ba ka faɗa ba, Yaya, da sanda zan dawo da ita, kamar Baba. Wannan na sani. Kuma da ka bar ni na tashi ranar da na ɗaure kaya, da duka suna nan. Shi ma na sani. Wata uku ina tafe ina juya su a raina, na rasa wanda zan ajiye."

Hawaye ya zubo wa Mai Igiya, ya bar shi yana bin gemunsa. "Kada ka ajiye ko ɗaya. Duka biyun nawa ne."

Auta bai ce ya yafe ba, bai kuma tashi ba. Ya daɗe yana kallon shanun da suka rage suna cin ciyawar gefen hanya. Can ya ce, da murya a dushe, "Yaya, ba ni ruwa in sha."

Inna ta yunƙura daga bakin ƙofa, Mai Igiya ya ɗaga mata hannu. Ya shiga da kansa ya ciko kofi, ya fito yana riƙe da shi da hannu biyu, ya durƙusa a gaban ƙanensa ya miƙa masa. Auta ya karɓa ya shanye, ya miƙo kofin ya ce a ƙaro.